Ruwan da Muka Sayar

Ku da aka ɗauka aikin kashe gobara a bana, na ga yadda kuke kallon motar nan. Kowa idonsa na kan jiniya da jan fenti. Shekaranjiya ina zaune a gindin darbejiya na ji ɗayanku yana cewa wai aikin direban kwana-kwana ai barci ne da albashi, in wuta ta tashi ka taka mota, ka murɗa ƙarfe, ruwa ya fita. Dariya kawai na yi a cikina. Sunana Habu, a bayan sitiyarin motar nan gashina ya yi fari, kuma tunda na kusa ajiye aiki gara in gaya muku abin da ba a koyarwa a filin fareti.

Gobarar farko da aka fita da ni, shagon wani mai katifa ne a cikin Gumel. Baba Tanko, tsohon direban da ya koya mini aiki, shi ya ja motar. Muna isa na diro ina rawar jiki, na kafa wa wutar ido kamar kowa. Sai na ji an fizgo kwalar rigata ta baya.

"Kai Habu, kallo ka zo? Juya mata baya."

"Baba, in juya wa wuta baya?"

"Wuta ta mai tiyo ce. Kai naka famfo. Kasa kunne."

Haka na ƙare gobarar nan ina fuskantar ƙarfe, zafi yana dukan ƙeyata. Allurar da ke nuna ƙarfin ruwa ta daɗe da mutuwa, saboda haka da kunne ake aikin. Famfo mai lafiya kukansa ɗaya ne, miƙaƙƙe. In ya fara shan iska sai ya riƙa tari. In datti ya shige shi, za ka ji kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa. Baba Tanko bai bar ni na taɓa sitiyari ba sai da na iya gane waɗannan ukun ina tsaye daga nesa, bakina cike da rake.

Shi ya koya mini alamar da muke yi wa mai tiyo. Wanda ya shiga ɗaki mai ci da wuta ba ya jin kiran kowa, ba ya ganin komai sai hayaƙi. Abin da ya haɗa shi da duniya shi ne tiyon da ke hannunsa. In ka ga ruwa zai yanke, sai ka kama hannun bawul, wato ƙarfen da ake murɗawa a buɗe ruwa, ka datse ka saki, ka datse ka saki, da sauri. Tiyon zai yi harbi a hannunsa. Ma'anarsa ɗaya ce: fito yanzu, kada ka tsaya ɗaukar ko hularka. Mutum yana shiga wuta ne don ya yarda na bayansa zai gaya masa gaskiya a kan lokaci.

Wata rana a hanyar Sule Tankarkar na koyi abin da rabin tanki ke yi. Mun dawo daga kashe wutar wasu rumbuna, ruwan ya rage rabi, na shiga kwana a kan rairayi da ɗan gudu. Ruwan ya taru gefe guda ya bugi tanki, ƙafafun dama suka ɗaga sama, na ga ƙasa ta nufo tagata. Allah ya tsare ta koma ta zauna. Baba Tanko bai zage ni ba, cewa ya yi cikakken tanki ya fi rabi biyayya, kuma in riƙe wannan ko da na manta sunana. Ku ma ku riƙe, don za ku ji dalilin da ya sa ba mu iya rage ruwa mu ɓoye.

Mota ɗaya ce ke ɗauke da ƙasar nan duka, daga Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, har ƙauyukan da in ka ƙara taku kaɗan ka shiga Nijar. Duk gudun da za ka yi, a makare za ka isa, kuma mutumin da gidansa ke ci ba ya son jin nisan hanya. Shi ya sa a da motar 'yan sanda ke bin bayanmu. Suna isa za su ja wa mutane layi, su hana a taka mana tiyo, su tsaya tsakaninmu da masu zafin rai. Ba mu san darajar wannan rakiyar ba sai da muka rasa ta.

Shekarar da aka tsuke bakin aljihu, wani jami'in kasafin kuɗi mai suna Malam Nasiru ya zo ofishinmu da ƙafarsa. Ba zan ɗauki alhakinsa ba, mutum ne mai kunya, da an so da takarda kawai za a aiko mana. Ya zauna a benci ɗaya da mu, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Shugabanmu Oga Lawan yana gefensa, ni da Sabo mai riƙe tiyo muna tsaye.

"Yallaɓai, abin da ke shigowa bana bai kai na bara ba," in ji shi. "Ga asibiti, ga famfunan gari, ga albashin malaman makaranta. Kwamiti ya zauna, kowa an yanke masa. Man sintirin da ake taimaka wa 'yan sanda da shi an rage, rakiyar gobara ta fita daga ciki. Gyaran rediyoyinku sai baɗi in Allah ya kai mu."

"To, man motar fa, Malam Nasiru?" Oga Lawan ya tambaya.

Ya murza hular. "Shi ne na zo da kaina. An ce ko dai a jingine motar, ko ta nemi manta da kanta. Tana da tanki, garin nan kuma ana neman ruwa. Masu bulo da masu gini za su saya. Abin da aka samu a zuba mata gas."

Sabo ya ce, "Ranka ya daɗe, in muna can mun juye ruwan aka kira mu fa?"

"Na faɗi haka a zaman, Malam Sabo. Aka ce gobara ba kullum ba ce, mai kuwa kullum ne."

Motar da ke sayar da ruwa ta fi motar da aka ɗora a kan duwatsu, kowa ya san wannan. Muka yarda, muka raka Malam Nasiru har bakin ƙofa.

Tankin farko da na sayar, wa wani mai gina shaguna ne a hanyar Maigatari. Na buɗe ruwa yana zuba a durom-durom, leburori suna murna, ni kuwa ina jin motar tana sauƙi. Daga ranar na san wani tsoro da ban san shi a bakin wuta ba. Burtsatsen da muke cika tanki yana can ɗaya gefen gari, da hasken rana yake aiki, bakinsa siriri. In ka kafa tanki a ƙarƙashinsa bayan azahar, sai a kira la'asar kana zaune. Duk tsawon wannan zaman, ƙasar nan gaba ɗaya ba ta da motar kashe gobara, kuma ba wanda ya sani sai mu. Mutane su gan mu mun wuce su ɗaga hannu, ni kuwa na san jan gwangwani nake ja. Waya ta yi ƙara a aljihuna sai in ɗauka gobara ce, in duba in ga matata ce ke tambayar kuɗin cefane.

Masu saye iri-iri ne. Akwai na gidan biki, mai cewa a kunna masa jiniya in an shigo layi don maƙwabta su san ya isa. Akwai mai bin tanki yana ƙwanƙwasawa da mukulli, wai kada a rage masa. Babban mai sayenmu shi ne Alhaji Iro mai bulo, a bakin gari ta hanyar Gagarawa. Yana da rami babba da aka shafe da siminti, nan muke juye masa. Leburorinsa a ramin suke wanke shebur da kwanon gini, saboda haka gindinsa yashi ne da dagwalon siminti. Na taɓa gwada rage kashi ɗaya cikin uku in tafi da shi don ko-ta-kwana. Alhaji ya ce cikakke ya biya, gaskiyarsa kuma, ga shi na riga na gaya muku halin tankin da bai cika ba.

Ranar da abin ya faru, tsakiyar bazara ce, rana tana dukan ƙasa har kwalta na laushi. Mun idar da azahar, mun juye wa Alhaji Iro ruwansa kaf, ina naɗe tiyo, sai wayar Oga Lawan ta yi ƙara. Na ga ya miƙe tsaye tun kafin ya amsa sallama. Bulaman wani ƙauye ne bayan Gagarawa Tasha. Wuta ta tashi daga jarkokin wani mai sayar da fetur, ta kama zana, ta shiga gidan da aka tara buhunan riɗi, iska kuma tana kaɗa ta cikin gari.

Oga Lawan ya dube ni, ya dubi ramin. "Habu, in mun koma burtsatse fa?"

"Yallaɓai, kafin ya cika garin ya ƙare."

"Wannan fa?"

"Minti kaɗan ne mu tsotse shi. Amma yashi ne a ciki. Famfo zai ci, ban san iya inda zai kai mu ba."

"Zai kai mu wani wuri dai?"

"Zai kai, in Allah ya so."

Matacin da ake ɗaura wa bakin tiyon tsotso ya daɗe da yagewa, yana cikin abubuwan da aka ce sai baɗi. Alhaji Iro da kansa ya ruga ɗakin maigadi ya yago gidan sauro, muka nannaɗe bakin tiyon da shi. "Ku kwashe duka, Malam Habu," in ji shi, "Allah ya tsare, bulo ya jira." Ruwan da muka juye fari tas ya dawo tanki da launin kunu. Sabo yana tsaye yana kallo, ya ɗaure hular kwanonsa.

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Ina danna jiniya, ina kauce wa amalanke da 'yan acaɓa, amma hankalina yana bayana. Na san yashin yana kwanciya a gindin tanki, daidai inda famfo ke sha. Tun daga Gagarawa Tasha muka hango hayaƙi baƙi ƙirin ya tokare sama. Na duba madubi don sabo, ba motar kowa a bayanmu.

Muna isa mutane suka yi mana caa. Wasu na dukan ƙofa, wasu na jan tiyo tun ba a haɗa shi ba, kowa yana nuna gidansa. Wata mata ta faɗo gaban Oga Lawan ta riƙe ƙafarsa.

"Ku taimaka don Allah, Iya tana ciki! Ba ta iya tashi, ƙafafunta sun mutu. Ɗakin can na ƙurya!"

Ɗakin ƙasa ne mai rufin azara, rumfar karan da ke ƙofarsa tana ci, ga buhunan riɗi jibge a gefe suna fitar da wuta mai maiƙo. Sabo ya ɗauki bakin tiyo. Kafin ya tafi ya matso kusa da kunnena.

"Yaya Habu, kunnenka."

"Yana wurin. Da ka ji harbi, ka fito."

Na juya wa wutar baya kamar yadda aka koya mini, na buɗe ruwa. Da farko famfo ya yi kukansa lafiya lau, har na fara cewa ko gidan sauron ya yi aiki. Daga ihun mutane na gane Sabo ya kwantar da wutar rumfa ya kutsa ciki. Sai na ji yashin, can ƙasa-ƙasa, kamar an jefa tsakuwa ɗaya a injin niƙa. Sannan biyu. Sannan aka zuba da yawa. Ruwa ya fara tsartuwa ta wuyan famfo yana jiƙa mini takalmi. Na ji tsoro, don mutum yana cikin wuta da ruwan da na san ya kusa yankewa.

Na kama bawul, na datse na saki, na datse na saki. Sai na karya dokar Baba Tanko na waiwaya, abin da na gani kuma ya fi ƙarar famfon muni. Mutane sun yi layi a kan tiyon, kowa ya rungume shi wai yana taimako, wani ya kafa ƙafa a kai, wani babur ya hau ta kansa ya tsaya. Harbin da nake aikawa yana mutuwa a hannayensu. Aikin 'yan sanda ke nan a da, su share tiyo daga mota har bakin ƙofa.

"Ku saki tiyo! Ku saki!" Ina ihu, Oga Lawan yana ture su, ba wanda ya san me muke nufi. Na sake datsewa na saki, har hannuna ya sage. Famfo ya yi wata ƙara, ya girgiza, ya tsaya cak. Tiyon ya kwanta a ƙasa ya yi laushi.

Sai wani ya ɗaga murya, "Ba su da ruwa! Wallahi wayam suka zo!" Dutsen farko ya fasa gilashin gaba. Na biyu ya same ni a kafaɗa. Ban ji haushinsu ba, ban ma ji zafin ba sai daga baya. Idona yana kan ƙofar ɗakin, wutar rumfar da aka kwantar ta sake miƙewa ta rufe ta, Sabo bai fito ba.

Bulama ne ya cece mu, dattijo mai farin gemu. Ya shiga tsakanin mota da masu jifa ya buɗe hannuwa. "Wanda ya ƙara jifa ni ya jefa! Mutuminsu yana ciki saboda uwarmu. Ku kawo diga, ku zaga baya!" Muka zaga bayan ɗakin da diga da gatari da taɓarya, muka hau dukan bango, mata suna miƙo bokitai daga rijiya ana watsa mana. Ina duka ina kiran sunan Sabo, ba amsa. Ko da bangon ya huje, hayaƙi ne ya fara fitowa. Sai ƙafafun tsohuwa, ana turo ta daga ciki a naɗe da rigar aiki. Muka janye ta. Na zura hannu cikin ramin ina lalube, na kama wuyan hannu na jawo, fatar ta biyo tafina.

Azara ce mai ci ta faɗo a kan gadon tsohuwar, da hannunsa Sabo ya ɗaga ta, safar hannunsa kuwa ta tsufa ta huhhuje. Iya ta rayu, sai bayan damina Allah ya karɓi abarsa a kan shimfiɗarta. Gidaje da dama sun tafi, riɗin duka ya ƙone. Motar sai da tarakta aka jawo ta gida.

Da na je duba Sabo a asibiti, hannayensa biyu a naɗe kamar na ɗan dambe, na zauna kusa da shi na tambaye shi.

"Sabo, ka ji harbin kuwa?"

"Na ji, Yaya Habu. Kaɗan-kaɗan, amma na ji."

"To me ya hana ka fita?"

"Na riga na kama ƙafarta. Kai in kai ne sai ka saki?"

Malam Nasiru ma ya zo, ya tsaya a bakin gado yana murza hula, hawaye na bin gemunsa. Shi ya yi ta kai da kawowa har aka gyara famfo, aka sayo sabon mataci da safar hannu. Maganar man mota da rakiyar 'yan sanda kuwa ya kai ta gaba, aka ce a jira kasafin baɗi. Baɗin ta zo ta wuce, wata ma ta zo.

Yatsun Sabo sun warke a manne, ba su lanƙwasuwa. Tiyo ya fi ƙarfinsa, sai aka mayar da shi bakin ƙofa. Shi ne mutumin da kuke wucewa da safe kuna ce masa Baba maigadi, wanda ke tura ƙyaure da gwiwar hannu. Kun lura duk fitar da mota za ta yi sai ya leƙo ta taga ya tambaya, "Gobara ko sayarwa?" In aka ce sayarwa, ba ya komawa benci. A tsaye yake a bakin titi har mu dawo, ya bugi tanki da bayan hannu ya ji ko a cike yake, sannan ya zauna. Ɗayanku ya ce tsufa ne ya fara taɓa shi.

Jiya Alhaji Iro ya bugo waya, yana son tanki biyu ranar Alhamis. Ranar kasuwar Maigatari ke nan, ranar da jarkokin fetur ke jere daga tasha har bakin iyaka, ga masu tuya da wutarsu a tsakani. Gas ɗin da ke motar ba zai kai mu mako ba, saboda haka za a kai masa. Ni an riga an cire sunana daga masu tuƙi, cikinku wani ne zai ja ta. Kai da za ka ja ta, ka sa wayarka a aljihun gaba, ka duba matacin da idonka kafin ka tayar. In ka zo fita Sabo zai leƙo ya yi maka tambayarsa, ka dubi hannun da ya ɗora a tagar sannan ka ba shi amsa.